Yadda Ake Gano Ciwon Sukari Nau'i na Biyu a Jikin Matashi da Yadda Ake Kula da Shi

A da ana ɗaukar wannan ciwo na manya ne, amma yanzu likitoci na ganinsa a jikin 'yan shekara 13, 15. Kuma a jikin matashi ya fi gudu. Wani babban bincike a Amurka mai suna TODAY ya bi yaran da suka kamu da shi, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 sun riga sun samu wata illa a ƙoda, ido ko jijiyoyi tun suna wajen shekara 26. Don haka, iyaye, jira ba naku ba ne.

Da farko, ku duba wuyan yaron. Idan bayan wuya, hammata ko matsematsi suka yi baƙi-ƙirin, fatar ta yi kauri da laushi, an cuɗa da soso an cuɗa ba ta fita, to ba dauɗa ba ce. Alama ce jiki ya fara bijire wa sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki. Lokacin balaga ma kan ƙara wannan bijirewa. Ku lura kuma da yawan ƙishirwa, tashi fitsari cikin dare, kasala, gani dishi-dishi, da gyambon da ya ƙi warkewa. Wasu yaran kuwa ba su nuna komai.

Shi ya sa mataki na biyu gwaji ne, ko da alama ko babu. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta Amurka ta ba da shawarar a gwada yaro mai ƙiba daga shekara 10, ko da zarar ya fara balaga, in akwai mai ciwon a dangi, ko mahaifiyarsa ta yi sukarin juna biyu lokacin cikinsa, ko yana da hawan jini. Ana kwana awa takwas ba a ci komai ba kafin gwajin sukarin jini da safe. Sakamako 126 mg/dL ko sama ciwon ne; 100 zuwa 125 gargaɗi ne. Gwajin HbA1c yana nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, kuma 6.5% ko sama ciwon ne. Ku roƙi likita ya tabbatar ba nau'i na ɗaya ba ne, wato wanda jiki ke daina samar da insulin, domin ƙiba ba ta hana yaro kamuwa da wancan, kuma maganinsu ya bambanta.

Na uku, magani. Galibi da maganin sha mai suna metformin ake farawa. Yakan ɓata ciki a makonnin farko, don haka a sha shi tare da abinci, kar a daina ba da sanin likita ba. Idan HbA1c ya kai 8.5%, akan haɗa da allurar insulin tun farko. Wannan ba hukunci ba ne, wani lokaci ma akan janye ta idan sukari ya daidaita.

Sai abinci da motsa jiki, inda iyaye suka fi yin kuskure. Ba a ware wa yaro kwanonsa ana shan lemun kwalba a gabansa. Gidan gaba ɗaya zai sauya: ruwa a madadin kayan zaƙi, ganye ya cika rabin faranti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 na bukatar minti 60 na motsa jiki kullum. Gori kan ƙiba kuwa ba ya rage ko kilo ɗaya, sai dai ya koya wa yaro ɓoye abin da ya ci. Idan ya zama shiru-shiru ko yana ƙin shan magani, ku gaya wa likita, damuwa ta yawaita ga masu wannan ciwo.

Tun ranar da aka gano ciwon a auna hawan jini, a gwada fitsari don duba ƙoda, a shirya ganin likitan ido, sannan a riƙa maimaitawa kowace shekara. Amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri ko ruɗewa kuwa, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.