Idan katin girafik na laftof ya fara mutuwa: yadda za ka tabbatar, da yadda za a gyara maka da garanti

Laftof ɗin da ya fara fitar da layuka masu launi a sikirin, ko yake ɗauke hoto ana tsakiyar aiki, kada ka yi gaggawar miƙa shi ga mai gyaran da zai hura wa guntun girafik zafi, musamman idan da sauran garanti a kansa. A kwamfutar tebur ana zare katin girafik, wato sashen da ke samar da hoton da ake gani a sikirin, a sa wani. A yawancin laftof kuwa, guntun a manne yake a jikin babban bod, da ɗaruruwan ƙananan ƙwallayen dalma a ƙarƙashinsa. Idan ya mutu, gyaran da kamfani zai yi shi ne canza bod ɗin dungurungum, kuma kuɗin bod kan cinye kaso mai tsoka na kuɗin na'urar. Aikinka kafin kowa ya taɓa ta shi ne ka tabbatar laifin na girafik ne, ka kuma tara shaida.

Fara da sanin irin wanda kake da shi. Danna maɓallin Windows da X, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Display adapters. Idan suna ɗaya ka gani, kamar Intel UHD ko Iris Xe ko AMD Radeon Graphics, girafik ɗinka a cikin firosesa yake, kuma da RAM ɗin kwamfutar yake aiki. Idan biyu ne, misali Intel da Nvidia GeForce, na biyun guntu ne mai zaman kansa da nasa ma'adanar. Shi ne ke ɗaukar aiki mai nauyi, irin su AutoCAD da ɗaliban injiniya na kwalejin fasaha ta Ƙaura Namoda ke amfani da shi, ko haɗa bidiyon biki a shagunan Gusau, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa.

Alamominsa sanannu ne: ƙananan murabba'ai kore ko ruwan hoda da ke warwatse a hoto, layuka masu rawa, sikirin ya yi baƙi na 'yan daƙiƙu ya dawo, ko shuɗin shafi mai ɗauke da VIDEO_TDR_FAILURE. Wannan na ƙarshen yana nufin Windows ta jira girafik daƙiƙa 2 bai amsa ba, ta yi ƙoƙarin tayar da shi ta kasa. Dubi sunan fayil ɗin da ke tare da saƙon: nvlddmkm.sys na Nvidia ne, igdkmd64.sys na Intel, atikmpag.sys ko amdkmdag.sys na AMD. Sai dai duk waɗannan alamomin, sikirin mai matsala ko direba (manhajar da ke sarrafa girafik) mai rikici ko zafi kaɗai na iya kawo su, shi ya sa sai an tace.

Raba laifin sikirin da na girafik

Gwaji mafi sauƙi shi ne sikirinshot. Lokacin da layukan suka fito, danna PrtSc ka adana hoton, ka tura shi wayarka ka duba. Idan layukan suna cikin hoton a waya, hoton tun daga tushe ya lalace, wato girafik ne ko direbansa. Idan hoton tas yake, zargi ya koma kan sikirin ko wayar fileks da ke haɗa shi da bod, ko da yake wannan bai wanke girafik gaba ɗaya ba.

Sai ka jona laftof ɗin da talabijin ta wayar HDMI, ka danna Windows da P ka zaɓi Duplicate. Layuka a duka biyun, laifin daga ciki ne. Talabijin tas, laftof da layuka, sikirin ne ko fileks. A nan ka yi wani abu: kama murfin ka riƙa ɗaga shi kana sauke shi a hankali. Idan layukan suna canzawa ko suna ɓacewa a wani tsayi, fileks ne ya tauye a wurin maƙalar murfi, kuma gyaransa bai kai ko kusa da na bod ba. Idan kuma sikirin baƙi ne ƙirin amma kana jin fanka na juyawa, haska fitilar waya dab da gilashin ka duba ta gefe. Ganin inuwar rubutu can ciki na nuna fitilar bayan sikirin ce ta mutu, girafik na aikinsa.

Akwai wani tarko a laftof mai girafik biyu, kuma ko masu gyara yana ruɗa su. A da yawa daga cikinsu, na Intel ne ke riƙe da sikirin ɗin laftof, na Nvidia kuma sai an buɗe aiki mai nauyi yake farkawa. A wasu ma ramin HDMI kai tsaye yake haɗe da Nvidia. Saboda haka za ka iya ganin sikirin ɗin laftof lafiya lau amma talabijin na ta tsilla-tsilla, ko shafin BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, ya fito tas alhali guntun Nvidia na gab da mutuwa. Fitowar layuka a shafin BIOS ko a tambarin kamfani tun kafin Windows ta tashi hujja ce mai ƙarfi cewa ba direba ba ne, kayan cikin na'urar ne. Rashin fitowarsu a can bai tabbatar da komai ba.

Kamfanoni sun saka nasu gwajin a ciki, kuma shi suka fi yarda da shi. A Dell, kashe na'urar ka riƙe maɓallin D ka kunna: sikirin zai nuna launuka ɗaya bayan ɗaya, yana gwada kansa. Idan launukan sun fito sumul, sikirin lafiya yake. Sannan ka sake kunnawa kana danna F12, ka zaɓi Diagnostics. A HP ana danna Esc sannan F2. Duk lambar kuskuren da gwajin ya bayar, ka ɗauke ta a hoto, domin ita ce farkon abin da za a tambaye ka.

Direba da zafi

Kafin ka yanke hukunci, cire direban gaba ɗaya ka sa sabo. Sauke manhajar Display Driver Uninstaller, wadda aka fi sani da DDU, tare da direban da ke shafin kamfanin laftof ɗin na daidai samfurinka. Katse intanet don kada Windows ta riga ka sa nata, shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da direbobin dole kaɗai, ka bar DDU ta share tsohon, ka sake kunnawa ka sa sabon. Idan matsalar ta fara ne bayan wani sabuntawa, gwada direban da ya gabace shi. Bayan an yi wannan, idan Device Manager na nuna alamar motsin rai rawaya a kan katin tare da Code 43, to zance ya kusa ƙarewa, guntun ne. Shiga Event Viewer kuma ka duba Windows Logs, ɓangaren System: saƙo mai lamba 4101 shi ne rajistar duk lokacin da direban hoto ya tsaya ya dawo, da rana da sa'a.

Mai girafik na cikin firosesa ya gwada RAM da manhajar MemTest86 daga filas, ya bar shi ya kammala zagaye 4. RAM mai matsala na kawo irin waɗannan alamomin, kuma idan irin wanda ake zarewa ne, canza shi ba wani aiki ba ne.

Zafi kuwa, mu a Zamfara ba baƙonmu ba ne. Daga Maris zuwa Mayu ana haura digiri 40, bayan hunturu ya gama cusa ƙura a hancin fanka. Sa manhajar HWiNFO ko GPU-Z ka ga zafin guntun. Guntayen Nvidia na laftof sukan fara rage gudu da kansu a wajen digiri 87. Ɗora laftof a kan tebur, jone da cajarsa ta asali, ka kunna FurMark, manhajar da ke ɗora wa girafik aiki mai nauyi don gwaji, na minti 10 kana kallon lambar. Idan ta doshi 90 ka tsayar. Abin lura shi ne lokacin da lalacewar ke bayyana. Idan sai zafi ya kai ƙololuwa take fitowa, wataƙila ƙura ce ko fanka ta gaji. Kashe na'urar, ka hura ramukan iska daga waje, kaɗan-kaɗan, ka ɗaga bayanta yadda iska za ta shiga ta ƙasa, ka daina ɗora ta a kan katifa ko darduma. Idan kuwa tana digiri 60 amma murabba'ai suka fito da an fara gwajin, guntun ne ko ma'adanarsa, kuma ba wata shara da za ta warkar da shi.

Dubi cajar ma. Laftof mai girafik mai ƙarfi kan buƙaci caja mai wat 150 zuwa 230, wani ma fiye. Idan aka maye ta da ƙaramar caja ta kasuwa, na'urar na iya rage gudu ko ta mutu da zarar aiki ya yi nauyi, a ɗauka girafik ne.

Abin da ya sa ake hana hura zafi

Mai gyara zai ce maka a bar masa ya hura guntun da bulowa, kuma ba ƙarya ya yi ba, sau da yawa hoton kan dawo. Abin da ke faruwa shi ne, tsagewar galibi tana cikin guntun kansa, a ƙananan mahaɗan da ke tsakanin ƙwayar siliki da faifan da take zaune a kai. Zafi kan sa su sake taɓa juna na ɗan lokaci, bayan makonni ko watanni su sake rabuwa. An ga haka a fili a 2008, lokacin da Nvidia ta amsa cewa wasu guntayenta na laftof suna da matsalar kayan haɗi, ta ware kusan dala miliyan 200 don gyara. Haka nan a 2015 Apple ta buɗe shirin gyara kyauta ga wasu MacBook Pro na 2011 masu matsalar hoto. Ga na'urar da ba ta da garanti, hura zafi hanya ce ta samun lokacin kwashe fayiloli. Ga mai garanti kuwa asara ce tsagwaronta: injiniyan kamfani na buɗewa zai ga tabon ƙuna da ragowar man dalma, ya rufe ya dawo maka da ita da takardar kuɗi.

Neman gyaran garanti

Juya laftof ɗin ka kwafi lambarsa. A Dell ana kiranta Service Tag, haruffa da lambobi 7. A HP da Lenovo lambar siriyal ce. Idan takardar ta goge, tana cikin BIOS. Saka ta a shafin duba garanti na kamfanin, za ka ga ranar ƙarewa da ƙasar da aka yi wa na'urar rajista. Garantin yau da kullum shekara 1 ne. Idan ranar da shafin ya nuna ta riga ranar da ka saya, saboda kayan sun daɗe a shago, rasit mai kwanan wata da lambar na'urar shi ne zai sa a gyara lissafin.

Batun ƙasa yana da muhimmanci a wurinmu, domin laftof da yawa da ke shigowa Gusau daga Kano ko Legas, na Amurka ne ko Ingila ko Dubai. Wasu garantinsu na aiki a ƙasashen waje, wasu ba ya tsallake ƙasar da aka sayar da su. Dell na da fom na canza mallaka da ƙasa a shafinta, Lenovo na da wurin duba ko samfurinka na cikin garantin ƙasa da ƙasa. 'Yan kwatano kuwa yawanci garantin kamfani ya daɗe da ƙarewa, sai wanda mai shago ya bayar, shi kuma in ba a rubuce yake a rasit ba, wuyar kamawa gare shi. Wanda bai daɗe da saye ba ya sani cewa dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata 3 don a gyara, a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa.

Tuntuɓi kamfanin ta shafinsa ka karɓi lambar ƙorafi kafin na'urar ta bar hannunka. Bayaninka ya zama gajere kuma mai hujja: ranar da abin ya fara, manhajar da ke tayar da shi, gwajin talabijin, sabon direba, zafin da aka auna, lambar kuskure. Haɗa bidiyon waya da ya nuna lambar siriyal sannan ya nuna layukan ba tare da an yanke ba. Wannan bidiyon shi ne garkuwarka daga amsar da ta fi ɓata rai, wato a kunna ta minti 5 a ofis mai sanyi a rubuta cewa ba a ga matsala ba. Ka rubuta musu yadda za su tayar da ita da kansu: a buɗe kaza, a jira minti kaza. Kuma ka faɗi gaskiya idan an tambaye ka. Garantin yau da kullum bai ɗauki faɗuwa, shigar ruwa, ko ƙunar da hauhawar wutar janareta ta jawo ba, kuma duk suna barin alama a bod.

Kafin aikawa, kwashe fayilolinka zuwa wani faifai, domin ana iya goge na ciki. Idan BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, na kunne, nemo mabuɗinsa mai lambobi 48 daga asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda. Da an canza bod, Windows za ta nemi shi, kuma ba tare da shi ba babu mai iya buɗe maka fayilolin. Ɗauki hoton na'urar ta kowane ɓangare, har da sikirin a kunne, don shaidar cewa ba ta da tsaga.

Cibiyoyin da kamfanoni suka amince da su galibi suna Abuja da Legas, saboda haka ka tabbatar da sunan cibiyar daga shafin kamfanin, kada ka dogara da allon da ke ƙofar shago. Tafiya daga Gusau ta Funtua doguwa ce ga na'ura mai gilashi. Sa ƙyalle mai laushi tsakanin madannai da sikirin, ka naɗe ta da soso kaurin yatsu uku ta kowane gefe, cikin kwali mai ƙarfi, caja a naɗe daban. Kamfanin aika saƙo mai ba da takarda da lambar bibiya ya fi a ba direba a tasha, domin fashewar hanya ba ta cikin garanti. Idan ɗan'uwa ne zai kai da hannu, ya karɓo takardar karɓar kaya mai ɗauke da lambar siriyal, yanayin na'urar, da abubuwan da aka haɗa da ita.

Ranar da ta dawo, karanta takardar aikin ka ga abin da aka canza. Shiga BIOS ka duba ko lambar siriyal ɗin da ke sabon bod ta yi daidai da ta ƙasan na'urar, don wani lokaci ana mantawa a rubuta ta, sai garantin gaba ya rikice. Duba Device Manager ka tabbatar samfurin girafik ɗin bai sauka ƙasa da naka na da ba, ka ga ko Windows tana nan da rajistarta. Sannan ka maimaita gwajin FurMark da na talabijin a ranar. Idan layukan sun sake fitowa, koma da tsohuwar lambar ƙorafin, kada ka buɗe sabuwa, domin a ga cewa gyara na biyu ne a kan matsala ɗaya.