Kuɗin Waya Idan Za Ka Haɗa Kayan Sauti a Falo

Ƙanena ya tara kuɗi ya sayi amfilifaya da lasifika biyu masu kyau, sai ya haɗa su da wata siririyar waya da mai shago ya ba shi gyara. Da na je na saurara, sautin ganga duk ya mutu. Na ɗauki wuƙa na kankare bakin wayar, sai ga fari ya fito. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Irin wannan wayar ta fi jan ƙarfe zalla tauye wuta, kuma tana saurin karyewa a wurin ɗauri.

To ga yadda nake yi. Tun kafin ka je kasuwa, auna nisan da ke tsakanin amfilifaya da kowace lasifika, ka bi da bango yadda wayar za ta kwanta, ka ƙara mita ɗaya. Sannan duba bayan lasifikar, za ka ga an rubuta om 8 ko 6 ko 4, wato ma'aunin yadda lasifikar take tauye wuta. Idan om 8 ce, wayar jan ƙarfe mai kaurin sukwaya milimita 1.5 ta isa har wajen mita 15. Idan om 4 ce, rabin wannan nisan ke nan, in ya wuce ka koma 2.5. Kaurin da tsawon su ne maganar, saboda waya doguwa kuma siririya tana cinye wani kaso na ƙarfin tun kafin ya kai ga lasifika. A shagon ka ce a yanko maka ɗan guntu ka kankare da kanka.

Wajen haɗawa, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a duka ɓangarorin. Juya ɗaya kawai, lasifikun biyu za su riƙa soke ƙasan sautin juna. Wayoyin RCA kuwa, masu kawo sauti daga wata na'ura zuwa amfilifaya, gajeru sun fi, kuma a nisanta su da wayar wuta, don daga nan ƙugin nan yakan shigo.

HDMI, wayar da take kai hoto da sauti zuwa talabijin, ba na kashe mata kuɗi. In hoto da sauti sun fito ba yankewa, ta gama aikinta.

Ni dai ba na bari waya duka ta haura kashi 10 cikin 100 na kuɗin kayan. Sabuwar wayar da muka saya wa ƙanena ma ba ta kai haka ba. Rarar muka cika muka saya masa sitabilaiza.