Kada ɗauke wuta ya ci muku katin Raspberry Pi

'Yan uwa masu haɗa Raspberry Pi (ƙaramar kwamfutar nan mai allo ɗaya, wadda manhajarta ke kan katin memori) a nan Abuja, ku kunna saitin Overlay File System kafin ku kai allon wurin aiki.

A Terminal, wato tagar rubuta umarni, ku rubuta sudo raspi-config, ku shiga Performance Options, ku zaɓi Overlay File System, sannan ku sake kunna allon. Shi ke nan.

Karatu ba ya cutar da katin memori, rubutu ne ajalinsa. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, fayil ya lalace, gobe allon ya ƙi tashi, sai jar fitila kawai tana kallonku. Da wannan saiti, duk rubutu RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta allon) yake tafiya, katin kuwa karanta shi kawai ake yi. A ɗauke, a kawo, a tada janareta, ko a jikinsa. Kuɗin sabon kati a kasuwar Banex ya zauna a aljihu.

Amma fa duk abin da kuka ajiye, da an kashe ya tafi. In allon talla ne a shago, saitin ya yi daidai. Mai ajiye hoton kyamara ko lissafin ciniki, a'a, sai dai ya riƙa zubawa a filas daban.

Za ku sabunta manhaja? Ku fara kashe saitin tukuna.