In lambobin slide potentiometer ɗinku na rawa

Jama'a, in kun haɗa slide potentiometer (maɓallin da ake zamewa don ƙara ko rage ƙarfin lantarki) da allon Arduino kuka ga lambobin analogRead (umarnin da ke karanto matsayinsa) na ta rawa, 511, 515, 509, alhali ba ku taɓa shi ba, kar ku yi saurin sayen sabo.

Ku sa ƙaramin kapasita mai lamba 104 tsakanin fin ɗin fitarwa na potentiometer ɗin da GND (fin ɗin nagatif), daf da allon.

Shi ke shanye hayaniyar da dogayen wayoyi ke kwasowa, ni servo ɗina (ƙaramin moto da potentiometer ɗin ke sarrafawa) da ke ta karkarwa nan take ya natsu.

Masu allon ESP32 maimakon Arduino don Allah 3.3V za ku ba potentiometer ɗin, 5V na iya ƙona fin.

Amma fa in ƙura ta shiga ramin ko layin ciki ya cinye, lambar na tsalle a wuri guda, kapasita ba zai gyara ba, sai tsaftacewa in ƙura ce, ko canji in layin ne ya cinye.