Yadda ake kai ƙarar haɗin baki kan farashi ga hukumar FCCPC

Tsada kaɗai ba laifi ba ce a idon doka, kuma rashin sanin haka ne ke kashe ƙorafe-ƙorafe da yawa tun daga tushe. FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa a kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, ba ta yanka wa shinkafa ko siminti farashi. Dokar 2018 da ta kafa ta, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta ɗora mata hana masu sayarwa haɗa baki, hana babban kamfani danne ƙanana da ƙarfinsa, da tantance haɗewar manyan kamfanoni kafin a ƙulla. Ita ce ta gaji tsohuwar hukumar kare masu saye, CPC.

Saboda haka ka fara tantance abin da ka gani. Idan buhun masara ya tashi a kasuwannin Kawo da Bakin Dogo na Kaduna don kuɗin mota ya ƙaru ko damina ta yi gardama, babu ƙara. Amma idan ƙungiyar 'yan kasuwa ta zauna ta ce kada wanda ya sayar ƙasa da kaza, har tana cin tarar wanda ya sauke, wannan laifi ne. Haka in an hana manomi sauke kayansa sai ya sayar wa 'yan ƙungiya, ko dillalai sun raba gari, wannan ya riƙe Rigasa, wancan Kakuri da Barnawa, ko 'yan kwangila sun shirya a ɓoye wanda zai ci a wannan karo. Kamfanin da ya gindaya wa dilolinsa farashin da ba za su sauka ƙasa da shi ba shi ma ya taka doka. Ba sai an rubuta yarjejeniyar ba, ta baki ma ta isa.

Hujja ita ce aikin. Cewa duk shaguna farashinsu ɗaya bai wadatar ba, domin masu saro kaya wuri guda sukan sayar kusan daidai ba tare da sun haɗa baki ba. Abin da mai bincike ke nema shi ne shaidar cewa an shirya. Ka adana takardar sanarwar ƙungiya mai hatimi, rasidin tarar da aka ci wani, saƙon murya ko rubutu na zauren WhatsApp, da hoton allon da aka liƙa a bakin kasuwa. In za ka ɗauki hoton saƙo, ka bar kwanan wata da sunan zauren su fito, kada kuma ka goge na asali daga wayarka. Ka rubuta farashin kayan kafin taron da bayansa, da ma'auninsa: mudu ne, tiya ce, ko buhu mai kilo 50 ko 100. Ƙorafin da bai faɗi ma'auni ba yana da wuyar aunawa.

Takardar ƙorafin kanta kada ta wuce shafi ɗaya ko biyu. Wane kaya, wace kasuwa, su wa, yaushe aka fara, me aka yanke, me ake yi wa wanda ya ƙi bi. Ka raba abin da ka gani da idonka da abin da aka gaya maka, ka bar zagi da zato. Ana shigar da ita ta shafin ƙorafi na hukumar a intanet, ko a kai ofishinta. Hedikwatar tana Abuja. Ka miƙa kwafi, ka riƙe asali, ka ajiye lambar ƙorafin don bibiya. Idan kana tsoron a kore ka daga rumfa, ka nemi a sakaya sunanka tun a layin farko.

Wanda yake cikin shirin da kansa fa? Hukumar tana da tsarin sassauci ga wanda ya riga saura fitowa ya ba da bayani. Ya ga lauya kafin ya rubuta komai, don hukuncin da nauyi: ana iya cin kamfani tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata, mutum kuma yana iya zuwa gidan yari.

Kada ka sa ran amsa cikin mako guda. Hukumar na iya kiran mutane, ta nemi takardu, ta binciki shago da izinin kotu, kuma wanda aka hukunta yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman ta gasa da kare masu saye. Misali, binciken da ta yi wa kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya fara a 2021, tarar dala miliyan 220 ta zo a Yulin 2024, kotun ta tabbatar da ita a Afrilun 2025.

Ƙarar haɗin baki ba ita ke dawo maka da kuɗinka ba. Idan an sayar maka da kaya mai aibi, ko an karɓi fiye da farashin da aka liƙa a kanta, wannan ƙorafin mai saye ne, daban ake shigar da shi. Ka fara komawa wurin mai kayan da rasidinka, ka rubuta ranar da ka je da amsar da ya ba ka, sannan ka haɗa su ka tura wa hukumar.