Yadda ake haɗa sandar auna mai da tsara sauya tanki a ƙaramin jirgin sama

Allurar da ke nuna yawan mai a ƙananan jirage irin su Cessna 172 da Piper Cherokee ba abin dogaro ba ce sosai, shi ya sa matuƙa ke auna tanki da sanda kafin tashi. Ana sayar da ita, amma wadda mutum ya auna a kan jirginsa ta fi dacewa.

A nemi siririyar sandar katako marar fenti, ko bututun roba mai ƙarfi wanda ake ganin cikinsa, tsawon kamar santimita 35. A gicciya ƙaramin itace a samanta don kada ta suɓuce cikin tanki, domin ciro ta aiki ne ja. Sai a ajiye jirgin a shimfiɗaɗɗen wuri, a haɗa masa wayar da ke sauke lantarki zuwa ƙasa saboda tartsatsi, injiniya ya zuƙe man har ya rage wanda inji ba ya iya ja. Nan ne sifili. Daga nan a riƙa zuba galan 5, kusan lita 19, a jira man ya kwanta, a tsoma sandar a miƙe har ta taɓa ƙasan tanki, a yi alama. Da wuƙa za a tsaga alamar, tawada narkewa take yi. In bututu ne, a toshe bakinsa da babban yatsa kafin a ɗago. Katako kuwa a duba shi nan take, man jirgi saurin bushewa gare shi.

Tazarar alamomin ba za ta zo daidai ba, kuma ba kuskure ba ne, siffar tankin ce. A Cherokee fikafikan sun ɗaga sama ta waje, man yana gangarawa wajen jikin jirgi, sai sanda ta fito a bushe alhali da saura. A rubuta lambar jirgin a jikin sandar, domin tankuna sun bambanta: Cessna 172N mai tankin asali galan 40 yake amfani da su, 172S kuwa 53.

Cessna 172 tana iya shan tanki biyu lokaci guda. Cherokee ba ta da wannan, hagu ne ko dama, don haka sai an riƙa sauyawa. Agogon hannu ya isa: doguwar allura tana ɓangaren dama, a sha tankin dama, ta wuce minti 30, a koma hagu. Wajen sauyawa, a kunna famfon mai na lantarki, a juya makunnin zaɓen tanki har a ji ya zauna a raminsa, a duba matsin mai, sannan a kashe famfon. Kada a sauya dab da tashi, domin in tankin da aka koma ba ya ba da mai, man da ya rage a bututun da ke zuwa inji zai ɓoye matsalar sai jirgi ya bar ƙasa.

Makunnin kansa ba wurin dabarar gida ba ne. A 1997 mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a jirgin Long-EZ wanda maƙerinsa ya sa makunnin a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi, inda sai an juya jiki kafin hannu ya kai.