Disambar farko a Ingila: kati, gwangwanin biskit da ƙofar maƙwabta

Shekarar da na fara zuwa, na fito da safiyar 25 ga Disamba da jakar cefane a hannu, wai zan sayo madara da burodi. Na tarar da gari tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Na tsaya a tashar bas har yatsun ƙafata suka daina jin komai, kafin wani dattijo da ya fito yawo da karensa ya ce mini yau babu mota, sai gobe. Don haka abin da zan fara faɗa wa duk sabon zuwa shi ne: ranar Kirsimeti ƙasar nan kan tsaya cak. Wata doka ta 2004 ta hana manyan kantuna, waɗanda faɗinsu ya wuce murabba'in mita 280, buɗewa a wannan rana a Ingila da Wales. A Landan bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa ba sa aiki, jiragen ƙasa na tsakanin garuruwa ma haka. Kashegari, 26 ga wata, ranar da suke kira Boxing Day, ita ma hutu ce. Ku gama cefanenku tun ranar 22 ko 23, ku karɓo maganin duk wanda yake shan magani kullum, ku duba takardar ƙaramar hukuma domin ranar kwasar shara kan canza a makon. Wanda aka sa wa aiki ranar, musamman masu kula da tsofaffi da ma'aikatan asibiti, ya san yadda zai isa wurin tun kafin ranar ta zo, don kuɗin tasi kan hau sosai.

Abu na biyu ya fi wuyar ganewa. Bikin nan na cikin gida ne, na iyali, ƙofa a rufe. Maƙwabciyar da kuke gaisawa kullum za ta iya yin yinin 25 ba ta leƙo ku ba, kuma ba don ta ƙi ku ba ne: tun watan Oktoba ta san wa zai zauna a kan wace kujera. Hulɗa da na waje, wato maƙwabta da abokan aiki da malaman makaranta, ana yin ta ne tsakanin farkon Disamba da ranar 24. Wanda ya bari sai ranar bikin ya yi latti. Ga shi kuma a lokacin rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, kowa ya shige gida ya ja labule, sai a yi mako ba a haɗu da mutumin da bango ɗaya ya raba ku ba.

Mafi arhar hanyar shiga cikin mutane ita ce kati. Al'adar ta daɗe a nan, tun 1843 da wani ma'aikacin gwamnati, Henry Cole, ya sa aka buga na farko a Landan, kuma har yau ba ta mutu ba. Ana sayen su kwali guda, a rubuta layi ɗaya ko biyu, a zura ta ramin wasiƙa na ƙofar maƙwabta. Ku rubuta sunayenku dalla-dalla da lambar gidanku, domin sau da yawa ta wannan katin ne mutanen layinku za su fara sanin sunanku. Kirista a cikinmu ba shi da wata damuwa a nan. Musulmi kuwa kowa da inda ya tsaya game da taya murna, kuma ni ba malama ba ce da zan yanke wa wani hukunci. Abin da zan iya cewa shi ne akwai katunan da babu hoton addini a jikinsu, gaisuwar ƙarshen shekara ce kawai da fatan alheri a sabuwa, kuma babu mai ɗaukar hakan a matsayin raini.

A waccan Disambar ce wata tsohuwa da ke gidan kusa da namu ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta miƙo mini gwangwani da ƙananan gasassun abubuwa guda shida a ciki, ta ce mince pie ne, ita ta yi da hannunta. Da na ji kalmar mince sai na ɗauka niƙaƙƙen nama ne, na yi godiya, na ajiye a saman firji ban taɓa ba. Ashe babu nama a ciki ko kaɗan. A zamanin da akan sa, amma yanzu zabibi ne da busassun 'ya'yan itace da sukari da kirfa da kanumfari. Sai dai tsorona bai tashi a banza ba, a wani wuri ne kawai matsalar take. Akan haɗa cikin da wani kitse da suke kira suet, wanda na saniya ne ko na kayan lambu, kuma da yawa sukan zuba giyar brandy. Kek ɗin Kirsimeti da Christmas pudding ma haka: akwai gidajen da suke gasa kek tun Nuwamba, suna ɗiga masa giya duk mako har ranar biki. Alewa mai taushi sau da yawa da gelatine ake yinta, wani sinadari da ake samu daga fata da ƙashin dabba, galibi na alade. Cakulan mai ruwa a ciki ku duba shi sau biyu. Wani tarkon kuma shi ne rubutun da ke cewa abu ya dace da marasa cin nama: wannan ya tabbatar babu alade babu gelatine, amma bai ce komai ba game da giya. Karanta bayan kwali ba abin kunya ba ne a nan, su ma suna yi. Abin da aka yi a gida kuwa, ku tambaya kai tsaye me aka sa. Da na koma na tambayi tsohuwar nan, dariya ta yi, ta ce nata da ruwan lemun zaƙi take haɗawa saboda jikokinta, kitsen kuma na kayan lambu ne. Na koma gida na cinye huɗu a tsaye.

Me ya sa ta wahalar da kanta alhali kanti cike yake da irinsu? Nan ne na fahimci wani abu game da mutanen nan. Kyauta mai tsada daga wanda ba su saba da shi ba takan ɗaure musu kai, su shiga tunanin me za su mayar, wani ma ya fara kauce miki. Amma biskit goma a cikin kwalba da ɗan kati, kowa zai karɓa da sakin fuska, don lokacinki kika bayar, kuma lokaci shi ne abin da suke ganin ya fi tsada. Saboda haka, 'yan uwa, kada kowa ya ci bashi saboda Disamba.

Ga wanda bai taɓa gashi a nan ba, ya fara da shortbread, biskit ɗin mutanen Scotland. Abu uku ne kacal kuma lissafinsa ba ya ɓacewa: kashi ɗaya sukari, kashi biyu bota, kashi uku fulawa. Wato giram 100 na sukari, 200 na bota, 300 na fulawa. A murza bota da sukari har su yi laushi, a zuba fulawa a haɗe da hannu ba tare da an cuɗa shi kamar burodi ba, a murza shi ya yi kaurin ɗan yatsa ko ƙasa da haka, a yanka, a sa a firji kamar minti 30, sannan a gasa minti 15 zuwa 20. Da zarar gefensa ya fara sauya launi a fitar. Zai yi kamar bai gasu ba, yana hucewa zai yi ƙarfi. Babu ƙwai, babu yis, kuma yakan yi mako guda lafiya lau a gwangwani mai murfi. Mai son ƙamshi ya goga ɓawon lemun zaƙi ko ya barbaɗa garin citta da kirfa. Na fi ba da wannan shawarar a kan ruwan vanilla, domin yawancinsa da barasa ake tatso shi. A Amurka ma doka ce sai barasar cikinsa ta kai kashi 35 cikin ɗari kafin a kira shi na asali. Akwai marar barasa, sai an nema.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata wa sababbin zuwa gashi. Na farko fulawa: a kanti za ku ga plain da self-raising jere da juna, ta biyun an riga an haɗa mata abin tashi, in kun yi shortbread da ita zai kumbura ya baje. Ku ɗauki plain. Na biyu obin. Yawancin gidajen haya obin ɗinsu mai fanka ne a ciki, shi kuma ya fi zafi, don haka idan an rubuta digiri 180 sai ku rage 20 ku sa 160. Na gas lambobi ne da shi, lamba 4 ita ce daidai da 180. Idan kuma daga shafin Amurkawa kuka samo girkin, 350 ɗin da suka rubuta ma'aunin Fahrenheit ne, kusan 180 ke nan a namu na nan, kuma su da kofi suke awo: kofin fulawa kusan giram 125, sandar bota giram 113. Ku sayi ɗan sikelin kicin ku huta. Ni farantina na farko gawayi ya koma, na'urar jin hayaƙi ta ta da kowa a benen, na tsaya ina kaɗa mata tawul ina ba mutane haƙuri.

Kafin ku miƙa wa kowa abin ci, ku manna 'yar takarda ku rubuta duk abin da ke ciki. Wannan ba ado ba ne. Dokar abinci a nan ta lissafa abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, daga ciki akwai gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai da alkama, kuma akwai yaron da ɓarɓashin gyaɗa kaɗai ya isa ya toshe masa numfashi. Makarantu da yawa sun hana shigo da duk wani abu mai gyaɗa, wasu ma ba sa karɓar abin da aka yi a gida domin rabon yara. A tambayi ofishin makaranta tukuna.

Wanda gashi ba nasa ba ne yana da mafita. Kwalbar garin shayi mai citta da kanumfari da bayanin yadda ake dafawa, ko hular sanyi ga mai iya saƙa, ko jakar cefane ga mai keken ɗinki, duk suna shiga. A wurin aiki za ku ji ana zancen Secret Santa: kowa ya zari sunan abokin aiki a ɓoye ya saya masa abu, an kuma sa iyakar kuɗi, kamar fam 5 ko 10. Ku tsaya a kan iyakar, wuce ta kunyata sauran ne. Masu aikin kula da tsofaffi kuwa su yi hattara da ɗaya ɓangaren: iyalan wanda kuke kulawa za su iya miƙo muku ambulan da kuɗi, kuma yawancin wuraren aiki sun hana karɓa ko sun ce sai an rubuta. Ku sanar da shugabarku kafin ku sa a aljihu.

Yara su ne za su shigo muku da Kirsimeti gida ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Kalanda mai ƙofofi 24 da cakulan a bayan kowace, ranar sa rigar sanyi mai zane, wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa a firamare. Iyaye suna da haƙƙin cire ɗansu daga ibadar makaranta a Ingila, sai dai a faɗa wa malama da wuri, ba ranar da aka riga aka ɗinka masa kayan makiyayi ba. Ku kuma ja wa naku kunne kada su je aji suna sanar da 'yan shekara biyar cewa iyayensu ne ke ajiye musu kyautar Kirsimeti da daddare, ba Father Christmas ba, dattijon da ake ce wa yara shi ke kawo ta. Na ga uwar da ta daina gaisawa da wata a kan wannan.

Idan an gayyace ku cin abincin ranar, an ɗauke ku da daraja ƙwarai. Ku ba da amsa da wuri, ku faɗi abin da ba ku ci tun a lokacin, ku iso a kan lokaci da ɗan abu a hannu. Talotalo ne a tsakiyar tebur, kusa da shi kuma kusan koyaushe akwai ƙananan tsiran alade da aka naɗe da naman alade, romon ma wani lokaci da giya a ciki. Za a miƙo muku wani naɗin takarda ku ja da na kusa da ku ya fashe, hular takarda ta faɗo, kowa har kaka ya ɗora a ka. Ƙarfe 3 wasu gidajen kan kunna jawabin Sarki, al'adar da George na Biyar ya fara ta rediyo a 1932. In an ba ku kyauta, a gaban mai bayarwa ake buɗewa a yaba.

Waɗanda suka sauka a Jamus, lissafinku ya sha bamban kaɗan: babban daren shi ne 24 ga wata, kantuna kan rufe wajen ƙarfe 2 na rana, 25 da 26 duk hutu ne, kuma tun daren 5 ga Disamba yara ke ajiye takalma a bakin ƙofa domin alewar Nikolaus, waliyyin Kirista da ake ce musu shi ke zuba ta a ciki. A kasuwannin Kirsimeti, irin ta Dresden da ake ci tun 1434, abin sha mai zafi da kowa ke riƙe da shi giya ce. Marar giyar shi ne Kinderpunsch. A Amurka 26 ga wata ba hutun ƙasa ba ne, kuma za a iya gayyatarki musayar biskit, inda kowace ke zuwa da iri ɗaya mai yawa ta koma da iri-iri.

A nan Ingila, zuwa 5 ko 6 ga Janairu an sauke kayan ado, kantuna sun karya farashin kati da takardar naɗi, lokacin da ya dace a sayi na baɗi ke nan. Gwangwanin tsohuwar nan sai a makon na mayar mata, da shortbread na karo na uku a ciki, wanda bai ƙone ba. Ta ɗanɗana ta ce na cika sukari, in rage cokali biyu. Yanzu shekara shida ke nan gwangwanin yana kai da kawo tsakanin ƙofofinmu, murfinsa ya lotse, kuma bana a hannuna yake.